Baturiyar Kawu

Lokacin da aka maido ni aiki Funtuwa daga Malumfashi, kawuna bai cika shekara da rasuwa ba. Ni ungozoma ce, kuma gidan da na kama haya yana bayan layinsu, don haka mahaifiyata ta ɗora mini nauyin leƙa matarsa. Ta ce, "Ba ta da kowa a ƙasar nan sai mu. Ko ba za ki zauna ba, ki riƙa yin sallama ki ji yadda ta kwana."

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana saurayi aka tura shi Bulgeriya karatun injiniya, ya dawo da takardar shaida da mata. A kamfanin gurzar auduga ya yi aiki har ya yi ritaya. Ita kuwa duk gari Baturiyar Injiniya ake ce mata, mu 'ya'yan dangi muna ce mata Inna. Ta musulunta ina ƙarama, ba tare da wani ya matsa mata ba, har sun je Makka tare. Ɗa guda Allah Ya ba su, ya tafi Kanada karatu, ya yi aure a can, zama ya kama shi. Hausa kam ta zauna a bakinta, har baƙar magana ta iya, sai dai in za ta ce ƙofa sai ta ce kofa, kuma ta daina damuwa da masu dariya tun tuni.

Ina yarinya tsoronta nake ji, saboda idanunta masu launin toka da yadda take kallon mutum ba ta ƙiftawa. Shi ya sa ranar farko na shirya gaisuwa a tsaye in wuce. Na same ta a baranda, cikin atamfa da ɗankwali, furfura ta leƙo ta gefen kunne, tana saƙa da tsinkaye biyu na ƙarfe, bakinta yana motsi. Na gaishe ta, ta ɗaga mini yatsa alamar in jira. Sai da ta kai ƙarshen layi ta ɗago.

"Yi haƙuri, ɗiyata. In na amsa miki lissafin ya ɓace. Komai da Hausa nake yi, har mafarki, amma ƙirga sai da yarenmu."

Ta sa na zauna, ta zubo mini kindirmo a kofi. Da hannunta take yin sa. Wata Bafulatana daga wajen Bakori ke kawo mata ɗanyar madara, ta dafa, ta bari ta huce, ta ɗiga ɗan tsohon kindirmo a ciki, ta nannaɗe tukunyar da bargo kamar mai zazzaɓi. Ta ce haka uwarta ke yi a ƙauyensu. Ranar ban tashi ba sai da aka kira la'asar.

Daga nan na san yadda take wuni. Bayan sallar asuba ta sha shayi ba sukari, ta fita bayan gida ta yi wa tumatir da tattasanta ban-ruwa. Ranar kasuwa ta yafa mayafi ta taka da ƙafarta, ba ta hawa acaba. Masu kayan miya sun san ta, suna tsokanarta tana ramawa. In rana ta yi sanyi sai baranda da saƙa. Ta yi wa rabin jariran danginmu safa da hula, wasu ma yanzu sun yi 'ya'ya. Abin da ke ɓata mata rai shi ne zare. Zaren ulun da ta zo da shi daga ƙasarsu ya ƙare, na kasuwa kuwa na roba ne, mai ƙyalli da ƙaiƙayi. Takan murza shi a yatsa ta yi tsaki ta ce, gari cike da auduga, manyan motoci na fita da ita dare da rana, amma ita ga abin da take saƙa da shi.

Wata rana cikin sanyi na shigo mata raina a jagule. Mun rasa bakwaini biyu a mako guda. Kwalbar da ake sa su guda ɗaya ce ke aiki, wuta kuma ba ta zama. Iyayen mata suna zuwa daga ƙauye da zani ɗaya ko biyu, hulunan kasuwa kuwa sun yi wa irin waɗannan jarirai yawa, sai su zamo su rufe musu hanci. Na faɗa mata ne don in rage abin da ke cikina, ba don ina neman wani abu ba.

Ta ajiye saƙarta ta ce, "Kansu kamar me yake?"

Na duba tebur, akwai lemo a faranti. Na ɗauki ƙarami na ce, "Kamar wannan."

Ta karɓa ta juya shi a tafin hannu, ta daɗe tana kallo. Sannan ta tashi ta shiga ɗakin Kawu, ɗakin da ban taɓa ganin ta buɗe ba tun zuwana, ta fito da rigunan sanyinsa guda huɗu. Ita ta saƙa masa su, da ulun gaske. Ta ɗauki almakashi ta yanke bakin wuyan ɗaya, ta ja zare, rigar ta fara warwarewa.

Na ce, "Inna, kayan Kawu ne fa."

Ta ce, "Na sani, ni na yi su. Miƙo hannuwanki."

Na miƙa, ta riƙa naɗa zaren a kansu. Da muka gama ta wanke shi, ta ɗaure a ƙafafun kujera ya bushe ya miƙe. Cikin kwana uku ta ba ni huluna shida masu ruwan ƙasa, kowacce ta gwada ta a kan lemon nan. Da mahaifiyata ta ji labari ba ta ji daɗi ba. Ta ce ai da an ba ta ko guda ta ajiye, ƙanenta ne. Ban kai wa Inna maganar ba, kuma ina ganin ta sani.

Inna ta yi ƙoƙarin koya mini saƙar, amma hannuna ya ƙi. Ina matse zare har tsinken ya kasa shiga. Takan ce, "Sassauta, ba cibiya kike ɗaurewa ba." A ƙarshe muka raba aiki, ita saƙa, ni warwara da naɗi. A irin wannan zaman ne ta ba ni labarin tafiyarta gida.

Sau ɗaya ta koma Bulgeriya bayan mutuwar iyayenta, kuma ita kaɗai ta je, don Kawu ya fara ciwon ƙafa. Ta ce ta yi wata guda tana shiri, ta soya gyaɗa, ta sayi atamfa da kilishi na tsaraba. Ta sauka babban birni ta hau jirgin ƙasa, daga nan ta hau bas zuwa ƙauyensu a gindin dutse. Ta tarar da ƙauyen saura tsofaffi, matasa duk sun tafi neman aiki wasu ƙasashe. Makarantar da ta yi an rufe, ciyawa ta fito ta taga. Gidansu ƙanwarta ta sayar wa wasu baƙi masu zuwa hutu, sun sare itacen goron turawan da babanta ya dasa. Ta tsaya a bakin shinge tana leƙe, wani kare ya yi mata haushi, ta juyo.

"Ƙanwar tawa ta karɓe ni da kyau," in ji ta. "Ta shimfiɗa mini sabon zanin gado, ta fito da farantan baƙi. Kwana goma sha biyu ina cin abinci a farantin baƙi. In na tashi zan wanke kwano sai ta ce a'a, zauna ki huta. Na shiga kanti sayen burodi, yarinyar da ke wurin ta ce mini, kai, kin iya yarenmu sosai, a ina kika koya? Wai maganata irin ta kakarta ce."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

"Rana ta biyar na fara jin kwaɗayin tuwo da miyar kuka. Kunya ta hana ni faɗa. Atamfar da na kai kuwa, ina kallo aka shimfiɗa ta a tebur. Da zan dawo na bar musu kayan sawata, na cika akwati da ulu. Da motarmu ta shigo Funtuwa na ji warin man ƙulli da hayaniyar tasha, sai hawaye. Kawunki ya ɗauka kewar can ce. Ban gyara masa ba."

Shekara huɗu muka yi a haka. Sannan abubuwa suka fara lalacewa. 'Yan bindiga suka fara tayar da ƙauyukan da ke yamma da mu, mata suna zuwa asibiti haihuwa ba su da gidan komawa. Bafulatanar Inna ta daina zuwa, ba sallama, har yau ba mu san inda ta yi ba. Manoma da dama suka bar gonakin nesa. Da aka shigo bayan gari aka ɗauke wani ɗan kasuwa da matarsa, sai maganar Inna ta taso a dangi. Kowa abu ɗaya yake faɗa: farar mace, tsohuwa, ita kaɗai a gida, kuma an san ɗanta yana ƙasar waje.

Ɗan nata ya riƙa kira kullum. Ya gama mata takardu, ya ce ɗaki na nan yana jiranta. Ta ƙi. Ya kira mahaifiyata, mahaifiyata ta je ta yi magana, ta ƙi. Sai ya kira ni. Ya ce, "Yaya, ke kaɗai take ji. Ba na iya aiki, ba na iya barci. In wani abu ya same ta me zan ce wa Allah?"

Na je da yamma bayan na tashi aiki. Tana ganin fuskata ta ce, "Ke ma an aiko ki."

Na ce, "Inna, ba wanda ke korar ki. Tsoro muke ji."

"Ni ba na ji. Wa zai ɗauki tsohuwa irina? Ko tafiyar daji ba zan iya ba."

"Shi ya sa. Ba za ki iya ba, kuma ba za su duba ba."

Ta ci gaba da saƙa. Can ta ce, "Na bar ƙasa ɗaya ina da shekara ashirin da uku, ban san abin da nake yi ba. Yanzu na sani. Kawunki yana nan. Ƙawayena da suka rage suna nan. A can wa zan gaisar da safe?"

Abin da na faɗa bayan wannan shi ne ke damuna har yau. Na ce mata in aka zo ɗaukarta ba ita kaɗai abin zai shafa ba. Akwai maƙwabta, akwai mai gadin layi, akwai ni da nake shigowa kullum. Na ce zamanta ya zama haɗari ga mutanen da take so. Na san ba ta da amsar wannan, shi ya sa na faɗa.

Tsinkayen suka tsaya. Ta kalle ni da idanun nan nata, irin kallon da nake gudu ina yarinya. Ta ce, "To. Ki ce masa ya sayi tikiti."

Da kaka muka raka ta Kano, ni da mahaifiyata da direba. Muka bi ta Bakori da Malumfashi, da hantsi, lokacin da hanya ke da mutane. Ana ta girbin masara, an jibge ta a bakin titi, auduga ta fara fashewa a wasu gonaki. Da muka wuce Malumfashi Inna ta ce a tsaya ta sayi rake. Ta riƙe shi a cinya har filin jirgi ba ta sha ba, ta miƙa wa direba. Akwatinta ɗaya, rabi zannuwa, rabi kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya. Mahaifiyata, wadda ban taɓa ganin ta rungumi kowa ba, ta riƙe ta suna kuka. Ni kuwa Inna ta dafa kafaɗata kawai ta ce in riƙa cin abinci a kan lokaci.

Da farko kamar abin zai yi. Muna magana ta waya muna ganin juna duk Lahadi bayan magariba, lokacin su rana ce tsaka. Ta nuna mini ɗakinta a hawa na goma sha ɗaya, da taga mai kallon wajen ajiye motoci. Surukarta mutuniyar kirki ce, amma ita da mijin duk fita suke tun safe. Jikoki biyu ba su jin Hausa, ba su jin yarenta, Turancinta kuma irin wanda ta koya a nan ne, suna cewa ba su gane ba. Ta ce ulu kam ga shi nan kanti guda, kowane launi, har mutum ya rasa na zaɓa. Sun kai ta ganin wani babban ruwa mai zubowa daga dutse, ta ce yana da kyau, amma ƙafarta ta yi ciwo kuma ba wurin sallah. Sanyin can bai ba ta tsoro ba, ta san shi tun tana yarinya. Abin da ta kasa sabawa da shi, a yini guda ba wanda zai yi sallama.

Duk wanda zai zo Najeriya sai ta ba shi ƙunshin huluna ya kawo mini. Ƙunshi na farko da na biyu lafiya lau. A na uku na ga wata hula da rami a gefe, inda ƙulli ya zame ba ta lura ba. Inna ba ta taɓa barin irin wannan. Na huɗu ya zo da guda uku kacal, ɗaya doguwa kamar safa, ba a rufe samanta ba. Na zauna a ɗakin ma'aikata na riƙe ta, na san abin da nake gani, don na ga irinsa a tsofaffin da ake kawo mana.

Ɗanta ya tabbatar mini. Mantuwa ce ta kama ta, kuma ciwon yana ƙaruwa da sauri. Ta bar tukunya a wuta sau biyu. An tsince ta a ƙasan bene da mayafi da jaka, ta ce kasuwa za ta. Da abin ya fi ƙarfinsu suka kai ta gidan kula da tsofaffi. A can Turancin ya zube mata gaba ɗaya. Ya ce, "Yaya, Hausa kawai take yi musu. Tana ta magana ba mai ganewa, sai ta yi fushi ta ƙi cin abinci. Ni ma tawa Hausar ta yi rauni, kuma wani lokaci ba ta gane ni. Don Allah ki riƙa kira."

Na koma kira sau uku a mako. Wata ma'aikaciya ce ke riƙe mata wayar. Wani lokaci in fassara musu: ruwan ɗumi take so na alwala, ko tana tambaya ina ne gabas. Da na gaya musu suka liƙa takarda a bango suka yi alama. Wata rana tana ta maimaita abu ɗaya tun safe, suka kira ni da kansu. Ashe cewa take a sauke tuwo, Injiniya ya kusa dawowa daga kamfani. Na ce mata an sauke, an rufe masa a kwano. Ta ce yauwa, ta kwanta.

Ni ba ta taɓa manta ni ba, kuma da ta manta da ya fi mini sauƙi. Duk kiran da za mu yi sai ta matso da fuskarta kusa da wayar ta rage murya ta ce, "Ɗiyata, yaushe za ki zo ki ɗauke ni? Mutanen nan suna da kirki, amma na daɗe. A gida za a ce na yi zaman rashin hankali."

Nakan ce, "Sai hanya ta yi kyau, Inna."

"To, Allah Ya gyara."

"Amin."

Haka muka yi ta yi wajen wata takwas. Kiran ƙarshe ba ta yi magana ba, an kwantar da ita, hannuwanta a kan bargo suna ɗan motsi. Na yi mata sallama, na karanta mata abin da ya sawwaƙa. Bayan kwana biyu ɗanta ya kira da asubarsu ya ce ta cika. An yi mata sallah a masallacin da ke garin, aka binne ta a maƙabartar Musulmi. Ya ce ƙasa ta daskare, sai da aka kawo mota mai haƙa. Su bakwai ne a wurin.

A gidan mahaifiyata muka yi zaman makoki. Na zaci ba za a zo ba, tunda ta shekara uku ba ta gari. Aka zo. Tsofaffin ma'aikatan kamfani suka zauna a waje, matan layinsu suka cika tsakar gida, har da wata mai sayar da tattasai da ta rufe rumfarta ta zo da ƙafa. Wata Bayarabiya mai shagon ɗinki, wadda suka yi shekaru suna musayar zare, ta zauna a gefe tana kuka.

Rana ta uku da mutane suka watse, muna naɗe tabarmi, na gaya wa mahaifiyata abin da na faɗa wa Inna har ta yarda ta tafi. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Na tambaye ta ko na yi daidai.

Ta ƙarasa naɗe tabarmar da ke hannunta. Sannan ta ce, "Bayan tafiyarta sau biyu aka shiga unguwarsu, kin sani. Da tana nan, wa ya san abin da zai faru?"

Na ce, "Ko kuma da ba abin da zai faru. Da ta mutu a ɗakinta."

Ta ce, "Ko kuma haka." Ta jingina tabarmar da bango. "Ni ma na ce ta tafi. Ke dai taki maganar ce ta shiga. Ki yi mata addu'a, ki yi mana."

Ɗan nata ya ce zai zo a san yadda za a yi da gidan, har yanzu bai samu zuwa ba. Damina biyu ta wuce, katangar baya ta fara tsagewa. Maƙwabcin gidan ya tare ni kwanan baya ya ce in gaya wa ɗan nata tun kafin ta faɗo musu. Na ce zan gaya masa.